Bayan jijjiga ta lafa: Masu farfaɗiya da tunanin kashe kai a unguwannin Hausawan Legas

Duk wanda ya yi shekara guda a Zangon Agege ya taɓa ganin yadda abin yake faruwa. Mutum na zaune a bencin mai shayi, ko yana tura baro a gefen layin dogo, sai a ji ya saki wata irin ƙara, ya sandare, ya kife ƙasa. Jiki ya ɗauki jijjiga, haƙora su datse, kumfa ta ɓullo a baki, wani sa'in da jini saboda ya ciji harshensa. Nan da nan jama'a su kewaye shi, amma daga nesa-nesa. Wannan ya ce a ja baya kada yawun ya taɓa mutum, wancan ya ruga neman cokali, wata ta miƙo ruwan leda a watsa masa, wani dattijo ya kama karatu yana tofawa. Kafin a gama gardamar abin da ya dace a yi, minti biyu ko uku sun shige, jijjigar ta lafa don kanta.

Sai a watse. "Ciwonsa ne ya tashi," in ji waɗanda suka san shi, mai shayi ya koma kan butarsa. Shi kuwa ya dawo hayyacinsa sannu a hankali, kai na sara masa, wando jiƙe da fitsari, yara na leƙensa ta bayan rumfa. Ya lallaɓa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. A ganin unguwa an tsallake haɗari ke nan. A wurin likitocin da suka daɗe suna bin rayuwar masu farfaɗiya kuwa, daga wannan lokacin wani haɗarin yake somawa, kuma shi ba ya jijjiga balle a taru a kansa.

Abin da aka ƙirga

A shekarar 2013 wasu likitoci na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Dokta Folorunsho Nuhu a gaba, suka fitar da sakamakon tattaunawar da suka yi da manya 170 masu farfaɗiya da ke zuwa asibitin karɓar magani. Cikin kowane mutum 5 sun tarar da 1 yana cikin haɗarin hallaka kansa. Abin ya fi tsanani ga masu ciwon damuwa, da masu yawan fargaba, da waɗanda suka taɓa yin yunƙurin a baya, da kuma waɗanda ciwon ba ya ba su dogon hutu tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Kada a manta, waɗannan su ne masu rabo, waɗanda suka iya kai kansu gaban likita.

A nan Legas, binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Farfesa Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya tambayi manya sama da 11,000 daga cikin jama'ar gari, ya samu kimanin kashi 7 cikin 100 da tunanin kashe kai ya zo musu. Ma'aunin binciken biyu ba ɗaya ba ne, amma tazarar ta isa ta sa mutum ya tsaya.

Ƙasar Denmak, inda ake rubuta kowace kwanciyar asibiti da kowace mutuwa, ita ta ba da lissafi mafi tsauri. A 2007 masu bincike suka bi bayanan mutane sama da 21,000 da suka kashe kansu tsakanin 1981 da 1997. Suka gano mai farfaɗiya ya ninka sauran jama'a sau 3 wajen faɗawa wannan ƙaddara. A watanni 6 na farko bayan an shaida wa mutum cewa farfaɗiya ce ke damunsa, ninkin ya haura sau 5. Idan kuma ciwon ya haɗu da wata larurar ƙwaƙwalwa irin damuwa, ya wuce sau 13. Wani binciken a Suwidin a 2013, a kan masu farfaɗiya kusan 70,000, ya nuna cewa cikin waɗanda suka mutu ta hanyar haɗari ko kashe kai, 3 cikin 4 suna fama da wata larurar ta daban, galibi damuwa ko shaye-shaye. Waɗannan fa ƙasashe ne da ba a rasa magani, ba a kuma gudun yawun mai ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. A Nijeriya, Farfesa Lukman Owolabi na Jami'ar Bayero ta Kano ya tattara binciken gida-gida da aka yi a sassan ƙasar, ya fitar da adadin mutum 8 cikin kowane 1,000 a 2019. Ko an tsaya a kan ƙidayar 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kusan dubu 460, lissafin zai ba da sama da mutum 3,500. Ke nan babu layin da za ka bi daga Pen Cinema zuwa Markaz ba ka wuce ƙofar wani mai wannan ciwo ba.

Idan irin wannan mutuwa ta auku a cikinmu ba a kiran sunanta. Sai a ce gajeriyar rashin lafiya ce, ko ciwon nasa ne ya tafi da shi, a yi wanka, a yi sallah, a kai shi makwancinsa kafin la'asar.

Ciwo biyu a ƙwaƙwalwa ɗaya

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wata 'yar wutar lantarki, kuma idan wani sashe ya yi tartsatsi lokaci guda, kamar yadda wayoyin falwaya suke haɗuwa su yi feshin wuta, sai jiki ya amsa da sandarewa da jijjiga. Wani ma ba ya faɗuwa, sai dai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi yana tauna baki ko murza riga bai sani ba. Sanadin da yawa mun san su sarai: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau (annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum dubu 100 a Arewa), shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai, wadda ɗan acaba marar hular kwano ya fi kowa kusa da ita. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci kwano ɗaya.

Sassan ƙwaƙwalwar da tartsatsin ya fi tashi, musamman na wajen gefen kunne, su ne kuma ke riƙe da farin ciki da tsoro da baƙin ciki. Shi ya sa kusan mutum 1 cikin 4 na masu farfaɗiya yake tare da ciwon damuwa. Wani bincike da aka yi da bayanan asibitocin Ingila a 2012 ya nuna abin mamaki: damuwa da yunƙurin kashe kai sun fi yawa ga waɗannan mutane tun shekarun da suka gabaci bayyanar farfaɗiyar, ba bayanta kawai ba. Wato ba takaicin ciwon ne kaɗai ke jawo baƙin cikin ba, da alama tushensu ɗaya ne a cikin kai.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan faɗuwa kai tsaye. Dokta Andres Kanner a Chicago ya bi masu farfaɗiya 100 waɗanda magani bai gama shawo kan ciwonsu ba, ya wallafa a 2004 cewa 43 daga cikinsu suna shiga matsanancin ƙunci bayan faɗuwa, 13 kuma tunanin kashe kai ne yake zo musu, abin ya ɗauki kamar yini da kwana kafin ya sake su. Daidai lokacin da muke cewa a bar shi ya huta, kowa ya kama gabansa.

Magungunan ma suna da nasu. Fenobabiton, wanda ya fi araha kuma talaka ya fi samu, yana iya saukar wa wasu da kasala da baƙin ciki. Keppra yakan sa wasu saurin fushi da ƙunci. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta duba gwaje-gwaje 199, ta ga tunanin kashe kai ya zo wa kimanin mutum 4 cikin 1,000 na masu shan magungunan farfaɗiya, a kan 2 cikin 1,000 na waɗanda ba su sha ba, ta sa a rubuta gargaɗi a takardar bayanin magungunan. Likitocin fannin sun yi ta jayayya da wannan lissafi, amma sun haɗu a kan magana ɗaya: barin magani ya fi shan sa haɗari nesa ba kusa ba, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Wanda ya ga halinsa ya sauya bayan fara wata ƙwaya, ya koma wa likita a canza masa.

Sai taramol. Matasan da ke haɗiyarsa don su jure dako ko tuƙin dare su sani, shi kansa yana tayar da jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba, balle mai ciwon.

Zaman Ikko da ciwo a jiki

Goro da jirgin ƙasa suka kafa Hausawa a Agege tun farkon ƙarnin da ya wuce, kuma akwai gidajen da a yau jikoki da tattaɓa-kunne ne a cikinsu, suna jin Yarbanci kamar Hausa. Mai farfaɗiya a irin wannan gida yana da uwa, yana da 'yan'uwa, akwai mai lura ko ya ci abinci. Damuwarsa daban ce. Wanda ya fi shiga uku shi ne ɗan ci-rani, wanda ya sauka daga tirela da 'yar jakarsa da lambar wayar wani ɗan garinsu.

A duba sana'o'in da ke jiran ɗan Arewa a Legas. Acaba da Keke. Dako a Mile 12. Fawa da wuƙa a hannu a abbatuwar Oko-Oba. Tsire da balangu a bakin wuta. Garuwa a bakin rijiya. Leburanci a saman bene. Gadin dare, alhali rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Kusan babu ɗaya a ciki da likita ba zai ce wa mai farfaɗiya ya yi hattara da ita ba, muddin ciwon bai kwanta ba. Don haka sai ya ɓoye. Ya karɓi mashin a hannun maigida bai faɗa ba, kullum ya fita gabansa na faɗuwa, ba don 'yan kwace ko jami'an hanya kaɗai ba. Ranar da ciwon ya tona masa asiri a gaban jama'a, ranar ce ta ƙarshe a wurin aiki. Maigida ba zai yi faɗa ba, sai dai ya ce, "Ka je ka huta tukuna, zan neme ka." Ba zai neme shi ba.

A ɗakin da samari shida ko takwas suke kwana, sauyin a hankali yake zuwa. Da farko a ware masa kofi. Sai a daina sa hannu tare da shi a kwano. Wanda ke kwana kusa da shi ya matsar da tabarma. A masallaci ya koma sahun baya, kusa da ƙofa, don kada abin ya same shi a tsakiyar mutane, daga baya ya daina zuwa jam'i. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya kore shi. Kowa na cewa "Allah Ya sawwaƙe" da zuciya ɗaya. Amma mutum ba dutse ba ne, yana ganin komai.

Daga ƙarshe 'yan garinsu su yi abin da suke gani shi ne zumunci: a yi karo-karo, a haɗa masa kuɗin mota, a ɗora shi a motar da ta sauke shanu ko tumatir za ta koma, a ce ya je gida a nema masa magani. Niyyar mai kyau ce. Sai dai wanda aka tura Kudu don ya riƙa aiko da na cefane, ga shi ya dawo hannu rabbana da sunan mai ciwon aljanu, ƙannensa na kallo, iyayen yarinyar da yake nema sun ji labari. Mutane da yawa sun fi tsoron wannan komawar a kan ciwon kansa.

Wanda ya tsaya kuma, maganinsa a hannun mai kemis yake. Ya miƙa abin da ya samu, a ɗauko almakashi a yanko masa ƙwaya huɗu ko shida daga jikin kati, a ƙulle a 'yar leda. Ya sha kwana uku, kuɗi su ƙare, ya bari. Wani sai ya ji alamar ciwon sannan ya haɗiya, kamar maganin ciwon kai. Maganin farfaɗiya kuwa kullum ake shan sa, a kan lokaci, shekara da shekaru, ko ana jin lafiya garau. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki darajar Naira a tsakiyar 2023, kuɗin Tegretol da Epilim da 'yan'uwansu ya yi tashin da ya sa har masu albashi suna tsallake kwana. Kowace tsallakewa faɗuwa ce ke jira, kowace faɗuwa kuma tana ƙara tabbatar wa mutum abin da zuciyarsa ke raya masa, cewa shi ba mai warkewa ba ne. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa gaba ɗaya idan an gano ciwon daidai aka kuma dage da magani.

Mata kuwa nasu a cikin gida yake ƙarewa. Yarinya ta faɗi sau ɗaya a Islamiyya, a cire ta daga makaranta. A hana ta zuwa biki, a hana ta kusa da murhu, a ja wa kowa kunne kada maganar ta fita saboda masu neman aure. A yi auren a ɓoye wa miji, ciwon ya tashi a ɗakinta, dangin miji su ce an yaudare su, takarda ta biyo baya. Ta dawo gida da ciwo da zawarci tun ba ta cika shekara ashirin ba. Da an yi maganar a fili tun farko, da an kai ta asibiti an zaɓa mata maganin da ya dace da mai shirin haihuwa, domin Epilim yana iya cutar da ɗan tayi, kuma akwai waɗanda suka fi shi aminci. Mata masu farfaɗiya suna aure, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, suna shayarwa.

Malam da likita

Wani bincike da likitocin Kano suka yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi aka wallafa a 2005 ya samu kusan rabin waɗanda aka tambaya sun fi son a kai mai farfaɗiya wurin masu addu'a da ruƙiyya a kan asibiti. Wanda ya san Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ya san mun taho da wannan ra'ayi har bakin teku. Ni ban ga laifin addu'a ba, kuma babu likitan kirki da zai hana ta. Inda ake ɓarna shi ne inda mai ruƙiyya zai ce a ajiye ƙwayar Bature don tana ƙara wa aljanin ƙarfi, ko a turnuƙe marar lafiya da hayaƙi, ko a dake shi da sunan ana dukan mai hawansa. Malam Ibnul Ƙayyim kansa, wanda masu ruƙiyya suke yawan kafa hujja da shi, ya kasa ciwon gida biyu a Zadul Ma'ad, ya kuma yarda cewa ɗaya daga jiki yake, aikin likitoci ne. Ibnu Sina tun kafin shi ya bayyana farfaɗiya a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa.

Kusan kowane ɗalibi ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na baƙar matar nan mai farfaɗiya, wadda Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u a matsayin 'yar Aljanna. Mun riƙe darasin haƙurinta, mun bar sauran. Matar nan da ƙafarta ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi ciwonta da bakinta, ba a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki ba. Bayan ta zaɓi haƙuri, abin da ta sake roƙo shi ne kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ciwon ya tashi, aka kuma yi mata addu'ar. Tozarcin ne ya fi ci mata rai, kuma har gobe shi ne ya fi ci wa masu ciwon rai. Saboda haka idan mutum ya faɗi a gabanka, ka kawar da abin da zai ji masa rauni, ka sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka juya shi ya kwanta a gefe, ka rufa masa mayafi ko riga, ka kori 'yan kallo da masu ɗaga waya. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko manja. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti za a nufa. Idan ya farfaɗo, ka zauna da shi, ka raka shi gida, gobe ka leƙa.

Haramcin kashe kai ba abin gardama ba ne a Musulunci, haka ma a wurin 'yan'uwanmu Kirista da ke cika majami'un Hausa na Legas. Amma tsoratarwa kaɗai ba ta warkar da ciwon damuwa, sai dai ta sa mai shi ya yi shiru. Imam Muslim ya kawo labarin wani mutumin ƙabilar Dausu da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufail ɗan Amru, garin bai karɓe shi ba, ya kwanta ciwo, ya kasa jurewa har ya yi wa kansa lahanin da ya zama ajalinsa, kuma Annabi ya roƙa masa gafara. Ba a kawo labarin don a sauƙaƙa laifin ba. Baƙo ne, ciwo ya same shi nesa da gida, kuma ba a yanke masa tsammanin rahama ba. To ina ga wanda yake raye a tsakaninmu, tunani ne kawai ya zo masa?

Ko azumi akwai gyara. Marar lafiya yana da rangwame, wanda kuma ciwonsa ya kwanta yana son ya yi azumin, likita na iya daidaita masa lokacin shan magani da sahur da buɗa-baki. Abin da ba a so shi ne a ajiye maganin har sai bayan Sallah.

Doka da ƙofar asibiti

Wani abin da ke ƙara rufe bakin mutane shi ne tsoron 'yan sanda. Sashe na 327 na kundin laifuffukan Kudu da sashe na 231 na Final Kod a Arewa sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, gadon dokokin Turawan mulkin mallaka. Legas ta riga sauran jihohi gyarawa: dokarta ta ce kotu ta tura mutum asibiti ne, ba gidan yari ba. Ghana ta soke laifin baki ɗaya a 2023. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ma'aikatar lafiya ta tarayya kuma ta fitar da tsarin rigakafin kashe kai na 2023 zuwa 2030. A takarda an yi nisa. A ƙasa kuwa likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Duk da haka mazaunin Agege ya fi ɗan'uwansa na ƙauye kusa da taimako. Ga Babban Asibitin Orile-Agege, ga asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, a Ikeja. Ga LUTH a Idi-Araba, a tsakiyar unguwar Hausawa, inda tun 2017 aka kafa shirin SURPIN na rigakafin kashe kai, mai layukan waya har da na masu jin Hausa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke nan tun 1907, wanda sunansa kaɗai ke sa mutane su ce "ni ba mahaukaci ba ne" su juya, alhali masu farfaɗiya da dama can suke karɓar maganinsu su koma bakin sana'arsu. Abin da ke tare Bahaushe a ƙofar waɗannan wurare sau da yawa ba nisa ba ne: kuɗin kati, asarar yinin aiki a layi, da rashin wanda zai fassara. Mutum zai iya nuna wa likita inda ya fashe a goshi ko da hannu ne. Abin da ke cikin zuciya kuwa sai da harshe.

A Kano da Zariya da Kaduna an gwada wani shiri mai suna BRIDGE, na haɗin gwiwar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su gano farfaɗiyar yara su kuma ba da magani. Babu abin da zai hana a nemi irin wannan a ƙananan asibitocin Agege, a haɗa da 'yar tambayar da ta kamata a yi wa kowane mai farfaɗiya duk zuwa: yaya zuciyarka, kana barci, tunanin mutuwa yana zo maka?

Tambayar da muke tsoro

Mai wannan tunani ba kasafai yake ɓoye shi gaba ɗaya ba. Yana faɗa, mu ne ba ma ji. "Na gaji." "Na zame muku kaya." "Gara in mutu kowa ya huta." Mu kuma mu tare shi da "A'uzu billahi, daina faɗar haka, ina imaninka?" Shi ke nan, an rufe ƙofa, ba zai sake ba. Wani ba zai ce komai ba, sai dai a ga ya daina fitowa majalisa, ya rabar da 'yan kayansa, ya biya bashin da ba a tambaye shi ba, yana bin mutane yana neman yafiya alhali ba tafiya zai yi ba. A fi sa ido a watannin farko bayan an gano ciwon, da kwana ɗaya zuwa biyu bayan faɗuwa, da lokacin da aka rasa aiki ko aure ya mutu, da makonnin da aka canza magani.

A tambaye shi kai tsaye, a keɓe, ba cikin raha ba: kana tunanin kashe kanka? Binciken masana ya tabbatar da cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a yi masa wa'azi a lokacin, kada a yi masa alkawarin rufa asiri, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga ɗakin. Maganinsa na farfaɗiya ya koma hannun wani amintacce da zai riƙa ba shi na kullum. Sannan a raka shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita maganar yadda take. Ciwon damuwa yana da magani, kuma akwai waɗanda ake haɗawa da na farfaɗiya ba tare da matsala ba.

Muna da abin da za mu yi wannan aiki da shi. Fadar Sarkin Hausawan Agege tana sasanta rigimar kasuwa da ta aure. Ƙungiyoyin 'yan acaba da mahauta da 'yan goro suna karɓar kuɗin mako. Masallatanmu suna tara na likkafani cikin minti goma. Kuɗin motar da ake haɗa wa mutum a tura shi gida zai iya saya masa maganin watanni ya ci gaba da neman abincinsa a sana'ar da ba ta wuta ko tuƙi ba. Muna roƙon sarakunanmu da shugabannin ƙungiyoyi su ware asusun magani, su kuma sa matasa biyu ko uku masu jin Turanci da Yarbanci su riƙa raka marasa lafiya asibiti. Muna roƙon limamai su ba wannan magana huɗuba guda, ko a makon Litinin ta biyu ta Fabrairu da duniya ke tuna masu farfaɗiya, ko a kusa da 10 ga Satumba, ranar rigakafin kashe kai, su faɗa da bakinsu cewa yawu ba ya yaɗa ciwon kuma shan magani ba ya warware tawakkali.

Kai kuma da kake karanta wannan da ciwon a jikinka, idan tunanin ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi yau, ka ci gaba da shan maganinka, ku je asibiti mafi kusa tare. Idan abin ya matsa cikin dare, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767, kuma kiran kyauta ne.